Komai-da-Ruwanka: Yabo Ne Ko Zambo?

(Jawabin da aka gabatar a taron reshenmu na Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba. An buga shi domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.)

 



Da aka aiko mana cewa mu ne za mu yi jawabi a wannan zama, abin da ya fara zuwa mana a rai shi ne abin da kowa ya sani: albashi, ƙarin girma, kuɗin hutu, da haƙƙin waɗanda suka yi ritaya. To, waɗannan suna da masu su, kuma shugabanninmu za su taɓo su kafin a tashi. Mu dai mun zaɓi mu tsaya a kan kalma guda ɗaya, wadda da wuya a sami malamin firamare a ɗakin nan da ba a taɓa jifansa da ita ba, wani lokaci da murmushi, wani lokaci da taɓe baki. Kalmar ita ce komai-da-ruwanka. Za mu duba yadda aka gina ta da inda ake amfani da ita, sannan mu tambayi kanmu: idan aka kira mu da ita, mu amsa ko mu kau da kai? Amsar tana da nasaba da aikinmu, da mutuncinmu, da makomar yaran da aka damƙa a hannunmu.

Ginin kalmar

Ruwan da ke cikin wannan kalma ba na sha ba ne. Shi ne ruwan da ke cikin "ba ruwana" da "ina ruwanka?" Ma'anarsa ita ce abin da ya shafi mutum, wanda yake da hannu ko haƙƙi ko alhaki a cikinsa. Bahaushe ya ce ba ruwan arziki da mugun gashi, wato babu abin da ya haɗa su. Ko a labaran duniya, ƙasashen da suka ƙi bin ɓangaren Amurka ko na Tarayyar Sobiyat a zamanin yaƙin cacar baka, da sunan 'yan ba-ruwanmu muka san su a gidajen rediyo. Idan aka juya maganar aka ce "da ruwanka", an ce ke nan abin ya shafe ka. Da aka ɗora "komai" a gabanta sai ta zama: babu abin da bai shafe ka ba.

Hausa ta saba ɗaukar jimla sukutum ta mai da ita suna. Haka aka sami dafa-duka a ɗakin girki, da faɗi-ka-mutu a jeren amarya, da hana-salla a kan samari, da a-kori-kura da a-daidaita-sahu a kan titi. Idan jimla ta zama suna irin haka sai ta daskare, sassanta su daina motsi. Shi ya sa "ka" ɗin da ke ƙarshen kalmarmu ya daina nuna wani mutum da ake magana da shi. Muna cewa kantin komai-da-ruwanka, alhali kanti ba shi da kunnen da za a ce masa "kai". Sau da yawa ma mace ce ake nufi, amma a ji an ce, "Ai ita komai-da-ruwanka ce."

Ga abin da muke so kowa ya riƙe tun daga nan. Kalmar ba ta ce mutum ya iya komai ba. Cewa ta yi komai ya shafe shi. Jama'a sun ɗauke ta suna kiran mai sana'o'i da yawa da ita, saboda wanda yake sa hannu a kowane aiki yakan tsinci wani abu daga kowanne. Amma ita kalmar ba ta ba da shaidar ingancin aikin ba. Daga wannan giɓi ne fuskokinta biyu suka fito.

Fuska biyu

Ku dubi makaniken ƙaramin gari, wanda da safe yana kwance injin babur, da azahar yana kan janareta, da la'asar an kira shi fadama injin ban-ruwa ya tsaya, kafin magariba kuma mai injin niƙa yana jiran sa. Ko ku dubi matar da ke cikin unguwa, ita ce kitso, ita ce lalle, ita ce ɗinkin salla, kuma idan za a yi girkin biki sai an nemi shawararta. Idan aka ce wa waɗannan komai-da-ruwanka, godiya ake yi. Ana nufin Allah Ya hutar da mutane da su, sun rage wa jama'a tafiya birni da kashe kuɗin mota.

Sai kuma ku dubi wani, wanda ba a ɗaurin aure, ba a rabon gado, ba a sulhunta ma'aurata sai an gan shi a tsakiya, ya yi uwa ya yi makarɓiya, alhali ba wanda ya kira shi. Ko wanda zai karɓi rediyonka da sunan gyara, ya mayar maka da ita tare da kusoshi uku a hannu, ya ce waɗannan ba su da amfani. Shi ma komai-da-ruwanka ake ce masa, da baƙaƙen nan da wasulan nan, amma wannan karon kalmar ta koma zuriyar shisshigi da katsalandan da karambani, irin karambanin akuya, gai da kura.

Mene ne ya raba su? Abu biyu ne. Na farko, an buƙace shi ko shi ya kutsa kansa? Na biyu, idan ya gama, aikin yana tsayawa ko sai an nemo wani ya warware? Da waɗannan ma'aunai biyu ne mai sauraro yake gane ko yabo aka yi ko zambo, ko da mai maganar bai sauya murya ba.

Yadda magabata suka ɗauki yawan sana'a

Wani zai ce ai Bahaushe tun asali mutum ne mai sana'a ɗaya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ƙira da jima da rini da saƙa da dukanci da fawa da su da gini, akasarinsu gado ne, yaro yana buɗe ido ya ga mahaifinsa a kai. Kowace sana'a da shugabanta: Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aska, Sarkin Magina. Ko a cikin ƙira an raba maƙerin baƙi mai garma da gatari, da maƙerin fari mai zobe da munduwa. Kuma an gargaɗi mai haɗama cewa taura biyu ba ta taunuwa.

Amma idan muka ƙara duba za mu ga cewa maƙerin nan da masaƙin nan da marinin nan duk manoma ne. Da ruwa ya sauka kowa sai ya nufi gona, sai an kai amfani rumbu sannan a koma maƙera da masaƙa da karofi. Sana'a biyu ce a hannun mutum ɗaya, sai dai kowacce an ba ta lokacinta. Ku dubi wanzami kuma. Shi ne aski, shi ne ƙaho, shi ne kaciya, shi ne cire beli, shi ne tsaga. Ayyuka ne daban-daban, amma duk daga zabira ɗaya suke fitowa, kuma duk a kan ilimi ɗaya suka doru: sanin aska da sanin jikin ɗan'adam. Ba mu taɓa jin an ce wanzami yana shisshigi don ya gama aski ya ɗauko ƙaho ba.

Ashe ke nan magabata ba su ƙi yawan sana'a ba. Abin da suka ƙi shi ne sana'o'in da ba su da tushe ɗaya da ya riƙe su, da kuma waɗanda ake cusa su a lokaci ɗaya har kowacce ta ɓata 'yar'uwarta.

Gwani da mutafannini

Muna da wasu kalmomi da ke maƙwabtaka da tamu. Haziƙi shi ne mai saurin fahimta. Fasihi shi ne mai iya sarrafa magana ko tsara abu. Ƙwararre shi ne wanda ya daɗe a kan aiki har ya goge. Babu ɗaya daga cikinsu da ta faɗi yawan abin da mutum ya iya. Gwani kuwa zurfi yake nunawa a abu guda: gwanin ɗinki, gwanar tuwo. A tsangaya ma gwani matsayi ne da ba a samun sa da baki. Sai almajiri ya wuce kolo da titibiri da gardi, ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, ya kai inda idan an yi saɓani a kan wasali ko ɗigo wurinsa ake komawa.

Kalmar da ta fi kusa da ma'anar da muke nema ita ce wadda malaman zaure suka aro daga Larabci, wato mutafannini, mutumin da ya yi zurfi a fannoni da yawa. Wannan ba ta da fuska biyu, yabo ce tsantsa. Idan ana neman misali a ƙasar nan, sunan Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yana cikin na farko. Ya rubuta Liya'ut Tawili a tafsiri, da Bahrul Muhiɗi a nahawu, da Hisnur Rasini a sarfu, da Liya'ul Hukkami a sha'anin mulki da shari'a, ga waƙa, ga jagorancin runduna. Amma littafinsa da ya fi dacewa da zancenmu na yau shi ne Ida'un Nusukhi, inda ya jero malamansa da abin da ya karanta a wurin kowannensu. Darasin a fili yake: faɗin iliminsa fanni bayan fanni aka gina shi, kowane fanni a gaban malaminsa. Haka Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tsara jajis da 'yan taru domin karantar da matan karkara.

A zamanin boko ma, daga cikinmu malamai irin waɗannan mutane suka fito. Alhaji Abubakar Imam malami ne a Midil ta Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933 da Ruwan Bagaja. Daga baya ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauci da Maru, ya rubuta wasannin kwaikwayo, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a ƙarshen shekarun 1940, kafin ya tsunduma cikin siyasa. Duk inda suka shiga, da kayan aikin malami suka shiga: iya bayani, da haƙurin maimaitawa, da sanin inda mai sauraro ya tsaya.

To, tsakanin mutafannini da ɗan shisshigi akwai fili mai faɗi, kuma a cikin filin nan ne malamin firamare yake tsaye.

Mu da ajinmu

Babu ma'aikacin da sunan komai-da-ruwanka ya dace da shi kamar mu. Malamin sakandare yana shiga da darasinsa ɗaya ko biyu ya fita. Mu kuwa a wuni ɗaya mu ne Hausa, mu ne Turanci, mu ne lissafi, mu ne kimiyya, mu ne ilimin zamantakewa, mu ne motsa jiki. Mu ne masu kiran suna a rajista, mu ne alƙalai idan an yi faɗa a kan fensir, mu ne masu wanke ciwo idan yaro ya faɗi, mu ne masu bin sawu har gida idan yarinya ta kwana uku ba ta zo ba saboda talla. Idan ƙidaya ta zo ko zaɓe ko rigakafi ko rabon maganin tsutsar ciki, ƙofar makarantar firamare ake fara ƙwanƙwasawa.

Iyayenmu da ke zaune a sahun gaba, masu takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, an shirya su domin wannan. Kwalejojin horon malamai na wancan zamani sun koya musu kowane darasi na firamare tare da hanyar koyar da shi, har da aikin hannu da aikin lambu. Mun tarar da ɗaya daga cikinsu a makarantar ƙauyen da aka fara tura mu. Shi ne mai gyaran benci, shi ne mai rubuta wa mutanen gari wasiƙa, shi ne mai auna fili idan za a yi gini. Malam Komai-da-ruwanka yara da manya suke ce masa, kuma yana amsawa da fara'a. Amma abu biyu muka lura da su. Ba ya barin aji kafin a kaɗa ƙararrawa ko da Sarkin gari ne ya aiko, kuma da wuya yaro ya fita ajinsa na biyu bai iya haɗa baƙi da wasali ya karanta ba. Tushensa ke nan, sauran duk rassa ne.

Mu 'yan baya lamarinmu ya sha bamban. Tun daga shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976, zuwa shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, yara suna ta ƙaruwa a makarantu. An mai da takardar NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma wannan ci gaba ne. Sai dai da yawa daga cikinmu darussa biyu muka karanta a kwalejin ilimi, in ban da waɗanda suka yi sashen nazarin ilimin firamare. An horar da mu a kan biyu, aka miƙa mana goma. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2004, ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Kowa a nan ya ƙirga kawunan da ke ajinsa, ya kwatanta.

Bari mu fallasa kanmu, don kada a ce muna nuna wasu da yatsa. Da Hausa da ilimin zamantakewa muka fito daga kwaleji. A shekarunmu na farko aka ɗauke malamin lissafi daga makarantarmu ba a kawo madadinsa ba. Shugaban makaranta ya kira mu ya ce, "Malam, ai kai komai-da-ruwanka ne, ka riƙe mana lissafin aji biyar." Muka ji daɗin maganar, muka karɓa. Wata rana muka rubuta a allo cewa 6 a raba da ½ ya ba da 12, muka koya wa yara doka kamar yadda littafi ya kawo ta: a juya lamba ta biyu, a ninka. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, yaya aka yi aka raba abu kuma ya ƙaru?" Ba mu da amsa. Maimakon mu faɗi haka, sai muka ɗaure fuska muka ce, "Haka dokar take, ki haddace." Ta sauke hannunta, ba ta ƙara tambaya ba har aka tashi.

Abin ya tsaya mana a rai. Da yamma muka je wurin wata dattijuwar malama mai riƙe da aji biyu, muka ce, "Baba Malama, ga abin da ya faru." Ta yi dariya ta ce mu sayi lemo shida, mu yanka kowane gida biyu, mu ƙirga ɓari nawa muka samu. Tambayar, in ji ta, ita ce rabi nawa ne a cikin shida. Kashegari muka shiga aji da lemo da wuƙa, muka ba yarinyar haƙuri a gaban 'yan'uwanta, aka yanka, aka ƙirga goma sha biyu, aka shanye. Amma har yau muna tambayar kanmu: darussa nawa muka wuce da su a haka, a ranakun da ba a sami yarinya mai ƙarfin halin ɗaga hannu ba?

A ranar farko, komai-da-ruwanka na zambo muka kasance. A rana ta biyu muka fara zama na yabo. Abin da ya shiga tsakani shi ne tafiyar 'yan mintoci zuwa gidan wadda ta fi mu sani.

Sana'ar bayan an tashi

Akwai wani ɓangare da iyalanmu suka fi kowa sani. Ku ne kuke jin ƙarar keken ɗinki har tsakar dare. Ku ne kuke ganin maigida ya ajiye alli ya ɗauki fartanya, ko ya hau babur ya fita acaɓa, ko ya zauna a rumfar cire kuɗi ko ta gyaran waya. Ku ne kuke taya uwargida ƙulla zoɓo da kunun aya, da kula da kaji da awaki. Babu abin kunya a nan ko kaɗan. Wanda ya ciyar da iyalinsa da guminsa ya fi ƙarfin a yi masa dariya, kuma kowa ya san abin da ya kai mu: albashin da ba ya kai wata, wani lokaci ma watan ya wuce bai iso ba.

Sai dai mu koma ga hikimar maƙerin da muka ambata. Ba ya hura wuta a maƙera ranar da ya kamata ya yi shuka, domin ya san damina ba ta jira. Lokacin aji shi ne daminarmu, bayan an kaɗa ƙararrawar tashi kuma rani ne, kowa ya kama sana'arsa. Shekarun yaro na aji ɗaya zuwa uku su ma damina ce. Idan suka wuce bai iya karatu ba, zai yi ta jan ƙafa har ya gama firamare, kuma da yawa daga nan suke yanke ƙauna da makaranta. Idan ɗinkin salla ya cinye mana darasin safe, ko muka bar yara da wani babba a cikinsu yana rubuta sunan masu surutu mu muna kasuwa, to taura biyu muka cusa a baki, kuma wadda za ta faɗo ita ce ta 'ya'yan talakawa.

Abin da muke nema

Daga kanmu za mu fara. Na farko, mu riƙe tushe. Gwanintar da ba za a yafe wa malamin firamare rashinta ba ita ce iya koya wa yaro karatu da rubutu da ƙirga. A nan muke so a kira mu gwanaye. Na biyu, mu koyi faɗin "ban sani ba, zan tambayo" a gaban yara. Wannan ba ya rage wa malami daraja, kuma yana koya wa yaro cewa tambaya hanyar ilimi ce. An ce wanzami ba ya son jarfa. Mu da muke yi wa yara jarrabawa kowane zango, bai kamata mu riƙa gudun a gano inda muke da rauni ba.

Ga reshenmu kuma muna da shawara wadda ba ta buƙatar kasafin kuɗi. A buɗe rajista a ofishin reshe, kowane malami ya rubuta darasin da ya fi ƙarfi a kai da wanda yake jin tsoro. A riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, makarantu uku ko huɗu da ke kusa da juna, mai lissafi ya buɗe wa mai Hausa, mai Hausa ya buɗe wa mai kimiyya. A gayyato iyayenmu da suka yi ritaya su zauna tare da mu, kafin abin da ke kansu ya tafi tare da su. Abin da Baba Malama ta yi mana da lemo shida, reshe zai iya mai da shi tsari. Ta haka ne mutum ke zama mutafannini: fanni bayan fanni, kowanne a gaban wanda ya san shi.

Ga hukumomin da ke ɗaukar malamai da tura su, muna roƙon shugabanninmu su isar da wannan saƙo cikin ladabi, amma ba tare da rage masa nauyi ba. Kada a mai da kalmar komai-da-ruwanka mayafin rufe ƙarancin malamai. Idan makaranta tana da aji shida da malamai biyu, yabon malaman da cewa sun iya komai ba zai mai da su shida ba. Idan aka ɗauke malami a kawo madadinsa. Idan za a ɗora wa malami darasin da bai karanta ba, a fara ba shi horo. Idan za a ɗauke mu aikin da ba na aji ba, a duba wanda zai zauna da yaran. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mun yarda. Amma wanda aka yi wa askin shi ma ya biya ladan a kan kari, domin malamin da hankalinsa ke kan bashin mai shago ba zai iya tattara shi a kan allo ba.

Ga iyalanmu, godiya ce da roƙo. Kun yi haƙuri da mu, Allah Ya saka muku. Ku ci gaba da taya mu riƙe sana'ar gida a lokutan da muke aji, domin kada a kira mu daga makaranta saboda abin da zai iya jira har azahar.

Kammalawa

To, mu amsa sunan ko mu kau da kai? Shawararmu ita ce mu amsa shi, amma da ma'anarsa ta asali. Mun ce kalmar ba ta ce mun iya komai ba, cewa ta yi komai ya shafe mu, kuma a kan yaron da ke gabanmu wannan gaskiya ce. Idan ya zo da yunwa da ruwanmu. Idan idonsa ba ya ganin allo da ruwanmu. Idan aka cire yarinya daga aji biyar da ruwanmu. Idan ya kai aji huɗu bai iya karanta sunansa ba, da ruwanmu fiye da kowa. Kishiyar komai-da-ruwanka ita ce ba-ruwana, kuma duk makarantar da malamanta suka koma 'yan ba-ruwana ta mutu ko da ginin yana tsaye. Ƙungiyarmu ta malamai, tun da aka kafa ta a 1931, a kan wannan aka gina ta: abin da ya sami malami ɗaya da ruwan sauran.

Abin da ba za mu karɓa ba shi ne a kira mu da sunan don a ɗora mana kayan mutum uku, ko mu kira kanmu da shi don mu ɓoye abin da ba mu sani ba.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba waɗanda suka yi ritaya lafiya da haƙƙinsu, Ya sa albarka a cikin abin da muke samu, Ya shirya mana yaran da muke koyarwa. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, inda muka yi kuskure kuma a yafe mana, a gyara mana.